HAR LABULEN YA YI FARI

 

Yau wani ɗan fim nake so mu zauna a kansa. Fim ne da bai fi minti uku ba, ba a taɓa nuna shi a sinima ba, ba a kuma sayar da kaset ɗinsa a Bata ko Ƙofar Wambai ba, amma na tabbata da yawanku kun gan shi, in ma ba shi kuka gani ba to kun ga wansa ko ƙanensa, domin duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ni dai sau biyar aka turo mini shi a cikin mako guda. Ya zo ta zauren WhatsApp na 'yan adashinmu, ya zo ta na dangi, ya zo ta na tsofaffin 'yan ajinmu, wata maƙwabciyata ta ɗora shi a sitatus, sannan wata aminiyata ta turo mini ni kaɗai, ta rubuta a ƙasa wai "don Allah ki kalla har ƙarshe."

Ga yadda yake. Ana buɗewa sai ga wata mata a kicin a kan kujera 'yar tsuguno, ta haɗa kai da gwiwa tana rusa kuka, ɗankwali ya zame, zani duk ya koɗe, wurin kuma dum da duhu. Maigida ya shigo cikin farar shadda yana ta murmushi shi da wayarsa. Ta yi masa sannu da zuwa, ko kallo ba ta ishe shi ba. Ta ce ga abinci, ya ce a ƙoshe yake. Sai a hasko mana fuskar wayar tasa, ashe hoton wata yarinya yake kallo, fara tas kamar ka taɓa jini ya fito. Can sai ga ƙawar matar ta yi sallama, ta sha leshi da gwala-gwalai, ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Haba ƙawata, ai ke kika so zama haka. Dubi yadda kika koma kamar 'yar aikin gidan!" Ta zuge jaka ta ciro wata 'yar roba mai murfi ruwan zinare. Sai rubutu ya fito, BAYAN KWANA BAKWAI.

Tabɗijam! Sai ga matar nan ta fito daga ɗaka ta yi fari sol tana sheƙi. Maigida na shigowa makullin mota ya suɓuce masa ya faɗi ƙasa. Nan take ya goge lambar yarinyar a gabanta, ya ɗauki makullin ya danƙa mata. Daga nan ƙawar ta juyo ta fuskance mu mu 'yan kallo, ta ce kada mu yarda a yi babu mu, roba talatin kacal suka rage, ga lambar waya ga lambar akawun, ana aikawa ko'ina a Nijeriya da Nijar, har Ghana da Saudiyya.

Gaskiya ɗaya ce, wanda ya tsara abin nan ya san aikinsa, kuma ya san mu. Ki lura, bai fara da talla ba. Da ya fara da cewa ga mai ku zo ku saya, da tuni yatsa ya ture shi an wuce gaba. Da kuka ya fara, domin babu macen da za ta ga 'yar'uwarta tana kuka a bakin murhu ta wuce ba ta tsaya jin ba'asi ba. Tsayawar nan kuwa ita ce jarinsa. TikTok, wanda ya bazu a duniya daga wajen 2018, ba ruwansa da wa kika sani wa ya san ki. Abin da yake ƙirgawa shi ne bidiyon da kika tsaya a kai, daƙiƙa nawa kika yi, kin kai ƙarshe ko ba ki kai ba, kin maimaita, kin tura wa wata. Bidiyon da ya riƙe mutane sai a ƙara watsa shi ga wasu, wanda aka yi saurin turewa kuma sai ya mutu a nan. Shi ya sa sai da aka ci minti biyu cur kafin a nuna mana robar. Kuma idan kika tsaya a kan kukan uwargida ɗaya yau, gobe za ki wayi gari da uwayen gida goma suna kuka a wayarki, jibi ashirin, har ki fara zaton babu gidan da ya rage a garin nan da ba a shirin yi wa kishiya.

Labarin kansa ba sabo ba ne, namu ne aka ara. Duk wadda ta yi karance-karancen littattafan soyayya ko ta kalli finafinan Hausa ta san uwargidar da aka wulaƙanta, ta san miji mai zurfin ido, ta san ƙawa mai ba da shawara. Sai dai a littafi, ko da marubuciyar ba ta ƙware ba, za ta ba matar nan suna da iyaye da hali, ta yi haƙuri ko ta yi yaji, ta kai ƙara wurin Baffa, ta kama sana'a, wani abu dai nata na kanta. A wannan fim kuwa matar ba ta da komai sai fata. Shekarun da ta yi a gidan, da 'ya'yan da ta haifa, da girkin da ta ajiye aka ƙi ci, duk ba a sa su a ma'auni ba. Laifinta guda, baƙa ce. Maganinta guda, roba. Shi ma mijin ba a raga masa ba, an mai da shi kamar akuyar da ake ja da ganye, duk inda fari ya gilma nan zai bi. In da ni namiji ce wallahi da na ji haushin fim ɗin nan fiye da yadda nake ji yanzu.

To amma abin da ya fi ba ni mamaki ba ni na gano shi ba, 'yar autata ce, yarinyar da ko sakandare ba ta gama ba. Tana leƙowa ta bayana sai ta ƙyalƙyale da dariya ta ce, "Umma, ashe har labulen ma an shafa wa man." Na ce wane labule? Ta karɓi wayar ta mayar baya. Akwai wani labule a ƙofar ɗakin matar. A farkon fim ruwan ƙasa ne mai duhu, bayan kwana bakwai kuwa ya koma ruwan madara. Bangon ma ya yi haske, haka shi kansa maigidan, wanda ba a ce ya shafa komai ba, ya washe. Ashe kashin farko an ɗauke shi ne an rufe taga an kashe fitila, na biyu kuma an kafa mata fitilar nan mai zobe a gaban fuska, sannan aka ɗora filta a kai. Yarinyar ta buɗe kyamarar wayata ta taɓa wani wuri, sai ga ni na yi fari fes, tabon goshina ya ɓace, hancina ya miƙe, ko ni ban gane kaina ba. Ba tsafi ba ne, yawancin wayoyin da muke riƙewa da abin gyaran fuskar nan suke zuwa tun daga kamfani.

Da idona ya buɗe sai na ƙara ganin wani abu. A kashi na biyu hannun matar ya sha lalle baƙi da ja har ya rufe gaɓoɓin yatsu, ƙafa kuma ba a nuna ta ko sau ɗaya ba. Duk wadda ta san masu bilicin ta san inda asiri yake tonuwa, gaɓoɓin yatsu ne da gwiwar hannu da idon sawu, su ne ba sa jin magana. Sai kuma hotunan hirar da ake jerowa a ƙarshe, wai na waɗanda suka saya suna godiya, "Hajiya Allah ya saka, maigida ya biya mini Umara." Babu suna babu fuska. Mai waya biyu zai iya rubuta irinsu ɗari kafin shayi ya huce.

Kada ku ce ina yi wa wasu dariya ne. Duk wannan wayon daga baya na yi shi, bayan aikin gama ya gama. Ni ma na saya.

Lokacin ana ta ƙishin-ƙishin maigidana yana neman aure, ban ji daga bakinsa ba, amma kun san yadda magana take yawo a dangi. Wani dare barci ya ƙi zuwa, wajen ƙarfe biyu ina kwance ina ta murza waya, sai fim ɗin nan ya sake faɗo mini. Na kalle shi sau uku. A na ukun ba matar nake gani ba, kaina nake gani a kan kujerar. Kafin kiran assalatu na tura naira dubu goma sha takwas daga kuɗin adashin da na ɗauka don sayen keken ɗinki. Bayan kwana biyu mai adaidaita sahu ya kawo mini ƙulli a baƙar leda. Roba ce mai murfi ruwan zinare kamar yadda aka nuna, sai dai babu sunan abin da aka haɗa a jiki, babu ranar lalacewa, babu lambar NAFDAC, babu adireshi. Na gani sarai, na kau da kai.

Kuma ya yi aiki, nan ne ma haɗarin yake. Mako biyu fuskata ta washe, mutane suka fara cewa Hajiya hutu ya karɓe ki. A mako na biyar na fara jin rana tana cizona kamar an watsa mini barkono, ko bakin murhu ba na iya tsayawa. Wasu jijiyoyi sirara suka bayyana a kumatuna. Na tsorata na daina, to dainawar ce ta zama tashin hankali, ƙuraje suka feso, fuska ta yi ja ta dawo ta yi baƙin da ya fi na da, dabbare-dabbare. Na kira lambar, ana ɗauka aka ce ai jikina ne yake fitar da datti, in sayi roba ta biyu da sabulunta. Da na ce a faɗa mini abin da ke cikin man, sai aka kashe. Na sake kira ba ta shiga, na duba WhatsApp an toshe ni, shafin ma ya sauya suna.

Likitar fatar da na gani a asibiti ba ta yi mini faɗa ba, ta dai juya robar a hannunta ta ce, "Hajiya, ke ce ta nawa yau." Ta yi mini bayani cewa irin wannan haɗin yawanci ba ya wuce abu uku. Akwai sitiroyid, maganin da ake ba masu ciwon fata na 'yan kwanaki bisa umarnin likita, wanda in aka daɗe ana shafawa yake sirantar da fata, ya kawo nankarwa, ya sa ciwo ya ƙi warkewa, har ɗinkin tiyata ya ƙi kamawa. Akwai haidirokwinon, mai hana fata yin launinta, wanda in ya yi yawa yake barin baƙin tabon da ba ya fita. Sai makuri, wato zaiba, mai lalata ƙoda, mai ratsawa ya isa ga ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono. Wata takwas na yi ina fama kafin fuskata ta daidaita, kuɗin magani ya ninka kuɗin man ban san sau nawa ba. Keken ɗinki kuwa sai a zagayen adashi na gaba. Auren da na tayar wa hankali ma ashe ba a yi nisa ba, maganar ta watse don kanta.

Ba wai hukuma ba ta san da abin ba ne. Dokar NAFDAC ta 2019 ta hana sa zaiba da sitiroyid a man shafawa, ta kuma hana haidirokwinon ya wuce kashi 2 cikin 100. A 2023 shugabar hukumar, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta ce bilicin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan, tana kafa hujja da ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya da ta ce mata 77 cikin 100 a Nijeriya suna amfani da man ƙara haske. A 2025 BBC ta kawo labarin wata uwa a Kano da ta shafa wa 'ya'yanta shida irin wannan mai har fatarsu ta lalace. Ta fuskar talla ma akwai dokar 2022 da ta kafa hukumar ARCON, wadda ta ce a kai mata talla ta tantance kafin a nuna wa jama'a, har da ta intanet. To amma wa zai tantance abin da aka ɗauka a ɗakin kwana da la'asar, kafin isha ya shiga waya dubu?

Tun da abin nan ya same ni nake yawan tuna wata dillaliya da take zuwa gidanmu muna yara, Iya muke ce mata. Za ta yi sallama da ƙullinta a ka, ta baje a tsakar gida, atamfa da kwanukan samira da tsakiya da turare, wani lokaci har da 'yan ƙulle-ƙullen da ake korar mu yara kafin a kwance. Iya ma ta iya zuga, kada ku ɗauka waliyyiya ce. Ita ma takan ce wa Innarmu, "Ke dai ki tsaya, amaryar gidan Alhaji wane ta ɗauki biyu." Amma Innarmu tana taɓa zanin da hannunta, ta kai shi rana ta duba, ta tsoma bakinsa a ruwa. In kuwa ya zuba bayan wanki, to Iya za ta dawo ranar Laraba karɓar cikon kuɗinta, kuma sai ta haɗa ido da Inna. Mun san gidanta, mun san 'ya'yanta, in ta kai ta kawo mai unguwa ya san ta. Kunyar gobe ita take hana ta cuta yau.

Abin da ɗan fim ɗin nan ya yi shi ne ya ɗauki muryar Iya, da shigarta har ƙuryar ɗaki, da raɗarta ta mace da mace, ya bar gidanta da kunyarta a baya. Ƙawar cikin fim tana kiranki 'yar'uwa, tana magana kamar ta san damuwarki, alhali ba za ta taɓa dawowa ranar Laraba ba.

Da can kuma tsakanin sha'awa da saye akwai tafiya. Sai kin nemi izini, kin nemi mayafi da kuɗin mota, kin ratsa rana zuwa Kwari ko Sabon Gari, kafin ki isa sau da yawa zuciya ta huce. Lokacin da wayar salula ta shigo a 2001, layi kaɗai yana kai wa naira dubu ashirin, kira naira hamsin minti ɗaya, waya ta maigida ce, a aljihunsa take kwana. Sannu a hankali Tecno da Itel da Infinix, waɗanda duk kamfani ɗaya ne na ƙasar Sin yake yin su, suka cika Farm Centre da araha, har ta kai waya mai kyamara ta shiga lefe. Sai ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya zo ya koya wa kowa tiransifa dole, har da tsofaffin da suka rantse ba za su taɓa ba. Yanzu kasuwa da sinima da banki duk suna tafin hannunki, a kan gado, da ƙarfe biyun dare, lokacin da babu mai ce miki ke dakata.

Sai kuma namu laifin, wanda ya fi yi mini ciwo. Mu da muke cewa Allah ya kiyaye 'ya'yanmu su ɗauki farantin talla, mu ne muka zama 'yan tallar matar da ba mu taɓa gani ba, ba ko sisin lada, da datarmu ma da aka ƙara wa kuɗi a 2025. Da a allon bakin titi na ga man nan, da ban saya ba. Na saya ne saboda aminiyata ce ta turo, na ɗauka ta san wani abu a kai. Da na tambaye ta daga baya sai ta ce wallahi labarin ne kawai ya ba ta tausayi. Masu WhatsApp da kansu sun ga ɓarnar ture-turen nan, tun 2019 suka taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, suka kuma sa 'yar alamar kibiya biyu a kan saƙon da ya sha yawo. Mu kuwa ko kallon kibiyar ba ma yi.

Ni ba na cikin masu cewa a karɓe wa mata waya. Na san zawarawa da matan da ba sa fita da suke ci da marayu da ita, masu yaji da dambun nama da alkaki da turaren wuta. Akwai wata mai zannuwan gado da nake bi, ban santa ba ban taɓa ganinta ido da ido ba, amma tallarta tana burge ni. A tsakar gida take tsayawa da hantsi, kaji suna wucewa ta bayanta. Ta ware zanin, ta tsoma gefensa a bokiti da omo, ta matse ta nuna mana ruwan. Na taɓa ji ta ce, "Wannan kam yana ɗan zuba a wankin farko, shi ya sa na rage masa kuɗi." Ta faɗi farashi da bakinta ba sai an bi ta ta bayan fage ba, ta faɗi layin da shagon ƙanenta yake a kasuwa. Babu kuka babu kishiya babu makullin mota. Masu kallonta ba su kai ɗaya bisa ɗarin na mai robar zinare ba, kuma ban taɓa ganin wadda ta turo mini bidiyonta ta ce in kalla har ƙarshe ba.

Makon jiya ƙanwata ta turo mini wani sabo. Kicin ɗin nan ne dai, kujerar nan ce, matar nan ce ma da kanta, ta koma baƙarta tana kuka. Wannan karon ramewa ce laifinta, ƙawar kuma kwalbar maganin ƙiba ta ciro daga jaka, irin su sha-ka-fashe da aka sauya wa riga. Labulen yana nan, ruwan ƙasa a farko, ruwan madara a ƙarshe. Na kira ta na ce, "Ke kin sha ne?" Ta ce, "A'a Yaya, ni ma turo mini aka yi." Na ce kin san mai sayarwar? Ta ce ba ta sani ba. Na ce to mutum nawa kika tura wa? Ta yi shiru tana lissafi, can ta ce, "Ai biyar-biyar wayar take bari, sai da na yi sahu uku."